Ta'aziyyar da Ta Riga Mutuwa

Tun da 'yan kasuwa suka daina gaisawa da kwastomomi da bakinsu, manhaja ce ke yi musu. Kullum da safe takan kira kowa da muryar mai shago, ta tambayi iyali, ta adana amsa. Gyaran irinta ne sana'ar Hansatu, shi ya sa Alhaji Tanimu mai yadi ya kira ta shagonsa.

"Ta ba ni kunya," in ji shi. "Ta yi wa iyalan Malam Barau ta'aziyya, alhali mutumin yana kwance da ransa."

Hansatu ta duba. Ashe manhajar ta daɗe tana sauraron tarin Malam Barau a waya, har ta yanke masa hukunci.

"Sai a hana ta sauraron jikin mutane, Alhaji."

"A hana ta? Ai ba ƙarya ta yi ba, washegari ya cika. Garaje kawai ta yi. Ki koya mata haƙuri, ta bari sai an fara kuka, sannan ta shaida musu muna da likkafani mai kyau."

Hansatu ta shiga tattara kayanta.

Sai manhajar ta yi magana da muryar Alhaji, a tausashe: "Malama Hansatu, ya jikin Inna?"

Ba wanda Hansatu ta gaya wa cewa mahaifiyarta na kwance. Ta ɗago kai, ta ga Alhaji ya riga ya ɗora hannu a kan bandir ɗin farin yadi.