Sammacin da Ya Ƙi Fita

Ikilima ba ta manta ranar da ta fara ganin Musaddiq ba. Tana zaune a bencin barandar kotu, kuka na neman ƙwace mata, ya tsaya ya miƙo mata ruwan sanyi. Ta ɗauka shi ma ƙara ya kawo.

Tata ƙarar a kan baffanta Tanimu ce, wanda ya garƙame gidan da mahaifinta ya bari a cikin Suleja, ya bar ta ita da Inna suna haya a Gauraka. A ƙa'idar kotun, ba a kiran shari'a sai magatakarda ya sa hannu a sammaci an kai wa wanda ake ƙara. Nata sammacin ya ƙi fita. Duk zuwan da ta yi, masinja ke leƙowa ya ce, "Magatakarda ya ce ki dawo wani makon."

Duk zuwan kuma, ana idar da azahar sai ga Musaddiq. Ya zauna ɗan nesa da ita, ya tambayi jikin Inna, ya ara mata littafi. Ɗan sandan bakin ƙofa har ƙamewa yake in zai wuce. Ta ce a ranta, mutumin kirki kowa na ganin girmansa.

Shi take zazzage wa takaicin magatakardan nan da ba ta taɓa gani ba. Ranar da ta ce za ta shiga ta same shi, Musaddiq ya girgiza kai.

"Kada ki shiga ofishin nan. Irin kallon da ake wa mata a ciki, ba zan jure a yi miki ba."

Har ta isa gida tana murmushi ita kaɗai.

Damina ta zo ta wuce. Wata safiya ta biyo ta gidan mahaifinta, ta tarar leburori sun kware rufin ɗakin Inna, wai Baffa zai zuba shaguna. Gadon Inna yana yashe a waje, akuya ta haye kai.

Da ta isa kotu, ba ta tsaya a benci ba. Ta bangaje masinja ta tura ƙofar. Takardun ƙararrakin mutane jibge har ƙasa, ƙashin kaza a kan wasu, ƙudaje na bi. Mutumin da ke bayan tebur ya ɗago. Ko kunya bai ji ba, murmushi ma ya yi.

"Turo ƙofar mu yi magana," ya ce. "Sa hannu ai ba wuya. Amma in an yanke hukunci, me zai sake kawo ki nan?"

Ta wangale ƙofar yadda na kan benci za su ji.

"Ku zama shaida! Na yi alkawari, ko da ƙafa zan taka zuwa Minna wurin manyanka, sai na ga an raba ka da kujerar nan, Musaddiq."