Harsashi na Biyu

Ajiye gidan harsashin nan da ka sayo ka saurare ni, don na ga sai juya shi kake yi kana murmushi kamar wanda aka kai wa amarya. Ni ban ce ba shi da kyau ba. Tambayarka na yi ko ka gwada shi, ka ce mini ai ya zauna a bindiga daram. To, ji misalin wani da ya taɓa gamsuwa da irin wannan amsa.

Wani mai gadin gandun daji ne, yana riƙe da bindiga irin taka, wadda in ka harba ɗaya ita da kanta take ɗauko na biyu, kai dai ka sake jan kunama. Yana da amini mai bin sawu, tare suka yi furfura a aikin. A ƙa'idarsu mai bin sawu ne a gaba, idonsa a ƙasa, ba ya riƙe komai sai sanda. Mai bindiga yana biye, shi ne idonsa, shi ne katangarsa. Wata rana garin haye rafi gidan harsashin asali ya faɗi kan dutse, bakinsa ya lanƙwashe, sai mutumin ya shiga birni neman wani. Mai shago ya ɗauko masa iri biyu. Ɗaya mai duhun launi ne, da tambarin maƙeransa a jiki. Ɗayan kuwa sai sheƙi, ba a san uwarsa ba balle ubansa, amma ya fi cin harsashi da yawa. Mutumin ya ƙwanƙwasa mai sheƙin da farce kamar mai sayen tukunya, ya ji amo mai daɗi, ya ɗaga ya ji nauyi, zuciyarsa ta kwanta. Mai shagon ma, tsakani da Allah, bai rufe shi ba. Ya faɗa masa cewa kyan ƙarfe na ido ne, aikin yana ga sifirin ɗin ciki mai turo harsashi sama, kuma ba a yarda da irin wannan sai an cika shi an harbe tas an gani. Ya ce to. Sai dai harsashi abu ne mai wuyar samu a wurinsu, shi kuwa mutum ne mai tsananin tattali, irin wanda in da hali ashana ma sai ya tsaga ta biyu. A ganinsa harbin kututture almubazzaranci ne. Ya cika gidan, ya shafa masa mai, ya naɗe shi a ƙyalle, kullum gwaji sai gobe, har damina ta wuce.

Da kaka wata ɓauna ta faɗa tarkon waya na ɓarayin nama, ta tsinke da wayar a ƙafa. Ciwon ya ruɓe, ta haukace, ta fara bin manoma a gonakin bakin daji, aka umarci mutanen nan biyu su kashe ta. Mai bindiga ya kwance ƙyallen, ya sa sabon gidan a bindigarsa. Da hantsi suka samu sawunta ya shiga cikin gamba wadda ta fi tsayin mutum. Ba banza ake cewa kwanton ɓauna ba: ta zagayo ta laɓe a gefen sawunta tana jira. Mai bin sawu ya durƙusa yana taɓa jini a ganye, ta fito. Mai bindiga ya harba, ya same ta a kafaɗa, ba ta faɗi ba. Abin da ke sa ni hawaye a labarin nan shi ne mai bin sawun bai gudu ba. Akwai itace kusa da shi, da ya so da ya kai. Kwanciya kawai ya yi a ƙasa yadda suka saba, don ya ba harbi na biyu hanya, saboda tun da suke harbi na biyu bai taɓa makara ba. Mutumin ya ja kunama, shiru. Harsashin ya gicciye a bakin gidan, bai hau ba bai koma ba. Ya buga da tafin hannu, ya finciko gidan, ya sa harsashi ɗaya da yatsa. Ya kashe ɓaunar, amma ta riga ta gama abin da za ta yi. Ya goya amininsa ya nufi hanyar mota. A bayansa, ba da faɗa ba, murya can ƙasa, ya ji aminin ya ce: “Me ya tsayar da kai?” Kafin su fita gambar, babu sauran wanda zai ba amsa.

Bayan sadakar uku ya ɗauki bindigar shi kaɗai ya je bayan gari, ya tsaya gaban wani kututture. Na farko ya tashi, na biyu ya maƙale. Ya gyara ya sake, haka dai. Duk gwajin bai kai tsawon alwala ba. Ya zauna a ƙasa, harsasan da ya yi wata da watanni yana tattali suna zube a gabansa ba abin da ya same su, ya yi kuka irin na dattijo, wanda ba sauti sai kafaɗa. Masu iya magana sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.