Jinin Inno

Da Munzali ya ɗaure mata damtse da roba, Inno ta kau da kai ta zuba wa katanga ido. Bai yi mamaki ba. Tun yana yaro haka take yi masa: in ya shigo ɗaki ta fita, in ya gaishe ta ta amsa tana kallon ƙasa. 'Ya'yan maƙwabta duk tana kiran sunayensu, shi kuwa bai wuce "wancan" a bakinta ba. Ya daɗe da yanke wa ransa cewa ƙanwar mahaifiyarsa ba ta ƙaunarsa, har abin ya daina yi masa ciwo.

Aiki ne ya kawo shi Kurfi. Shi da abokiyar aikinsa, Dakta Hafiza, suna bincike a wani ɗakin gwaji a Dutsin-Ma kan yadda za a gane ko jaririn da ke ciki yana da sikila ta jinin uwarsa kawai, ba sai an soka mata allura a ciki ba. Jinin jariri yakan ɗan tsallaka cikin na uwa. Matsalar ita ce ba ya fita duka. Ɓurɓushinsa na iya zama a jikinta shekara da shekaru bayan haihuwa, suna tsoron kada ya rikita gwajin cikin da ya biyo baya. Don su auna wannan ragowar, suna neman mata iri biyu: waɗanda suka taɓa haifar namiji, da waɗanda ba su taɓa ɗaukar ciki ba.

Na farkon ba su yi wuyar samu ba, ko da yake Hajiya, mahaifiyarsa, wadda shi kaɗai ne ɗanta, ta hana nata. Ta ce ba ta son allura. Na biyun ne suka gagara, sai ya tuna da Inno. Labarinta a dangi gajere ne: aure ɗaya ta yi da wani masunci, ruwan madatsar Zobe ya ci shi kafin su zagayo shekara, ba ta sake aure ba, ba a taɓa ganinta da goyo ba. Bai ga abin tambaya ba. Ya ce mata aikin zai taimaki masu ciki, ta miƙo hannu.

Da sakamako ya fito, Hafiza ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam Munzali, akwai alamar namiji a jinin Inno. Na kwatanta ta da jinin ma'aikatanmu kamar yadda muka saba. Naka ne."

Ya dubi babban yatsansa. Ranar da ya je Kurfi, bakin wata kwalba ya ɗan yanke shi. Kunya ta rufe shi. In hannunsa ya gurɓata wannan, wa zai yarda da sauran da ya ɗiba? Aikin da suka ɓata shekaru a kansa na iya rushewa a kan ɗigon jini ɗaya.

Suka shirya cewa Hafiza za ta koma ta sake ɗiba da kanta, shi kuma ba zai leƙa ɗakin gwajin ba har a gama.

Ta tarar da Inno a kwance, ta rame, numfashinta na fita da ƙyar. Hafiza ta ce a bari sai ta ji sauƙi, tsohuwar ta ƙi.

"Wancan bai zo ba?"

"Aiki ya riƙe shi, Inno."

"To ɗibi da yawa, ya ishe shi."

Hafiza tana cika kwalbar tana yi mata bayanin abin da suke nema. Inno ta lumshe ido har Hafiza ta ɗauka barci ya kwashe ta. Can ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba, "Ashe ba ya fita."

Inno ba ta kai ƙarshen makon ba.

Munzali ya ɗauki makara tare da sauran dangi, ya zauna zaman makoki a ƙofar gida. Hawaye bai zo masa ba, wannan kuma ya dame shi. Tsofaffin unguwa in sun zo gaisuwa sai su wuce 'yan'uwan mamaciyar su nufo shi, su riƙe hannunsa su daɗe ba su saki ba. Ya ɗauka don shi ne likita a gidan. A ciki kuwa Hajiya ta yi kukan da bai taɓa ji ta yi ba, ko ranar rasuwar mijinta Alhaji. Da ya shiga ba ta haƙuri, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Bayan ya koma Dutsin-Ma abin ya ƙi barinsa. Duk matar da ya ɗaure wa damtse, in ta juya kai, sai ya ga ƙeyar Inno. A firjin ɗakin gwaji kuma akwai jininta, ja wur, alhali mai shi tana ƙarƙashin ƙasa. Ya riƙa sauya hanya don kada ya wuce ta ƙofar.

Wata safiya Hafiza ta aika a kira shi. Da ya shigo ta tura ƙofa, abin da ba ta saba yi ba. Ta daɗe ba ta dube shi ba.

"Ni na ɗiba, ni na rufe, ni na gwada. Ka san hannunka bai taɓa kwalbar nan ba."

"Alhamdulillahi. Wannan karon ya fito da tsabta ke nan."

Ta juyo masa da fuskar kwamfutar a hankali.

"Naka ne dai, Malam Munzali. Ba daga yatsanka ya shiga ba. Tun kana cikinta yake nan."