Rigar Sallar Baba

Ran da masu ɗaukar fim suka zo lambunmu na albasa a Danchadi, da la'asar, Baba ya saka shuɗiyar rigarsa ta Sallah, tana ƙamshin turaren akwatin Inna.

Mai kyamarar ya ce, "Baba, a yi haƙuri, manomi muke so. Ina rigar aiki?"

Baba ya tuɓe, ya zura yagaggiyar taguwarsa. Ya ninke shuɗiyar ya miƙo mini. "Riƙe, ɗana. Kada ta taɓa ƙasa."

Da daminar nan ya rasu, kuma fim ɗin kaɗai ya rage mana. In 'ya'yana suka kalla a waya, sai su tambaya, "Kaka ba shi da rigar kirki ne?"

Yana da ita. Tana hannuna, a bayan mai kyamara.