Furannin Bakin Ofis

"Wai wa ya sare mini furannin da ke da rai, ya bar matattun a tsaye?"

Aina'u na bakin ƙofar kamfanin robobi a Sharada, riƙe da kular abincin mijinta, ta ji Madam Godiya manaja tana yi wa maigadi wannan tambaya. Garba maigadi ya ce shi dai ban da Lawan gadina bai ga kowa da almakashi ba. Madam ta ce baƙi na tafe ranar Asabar, in aka ƙara taɓa mata fure ɗaya Lawan ya nemi wani wurin.

Lawan ɗin nan shi ne mijin Aina'u. Shekara tara Lawan yana kula da furannin nan ja da rawaya, dogaye har sun fi mutum tsawo. Shi ya koya mata cewa karan da ya gama fure ake datsewa, a bar taƙi ɗaya daga ƙasa don sabo ya tofo. Mai fure kuwa sanda ake kafa masa a ɗaure, kada iska ta kwantar da shi. Yau ga jajayen zube a ƙasa, jiƙe da ruwan saman asuba.

Ta rasa me ya sami mijinta. Tun bayan sallah ya jingine kekensa, wai taya ce, alhali ta matsa ta ji da iska. Ya daina kallon fuskarta. In tana magana sai ya tsura wa kafaɗarta ido. Matan gidansu na haya a Na'ibawa sun ce ko ƙwaya ya fara, ko wata ce a waje. 

Washegari rana ta buɗe, ta zo da wuri ta laɓe jikin katanga. Ta ga yana kama kowane kara, ya girgiza shi a hankali, ya karkata kai. Wanda ya bushe 'ya'yansa ke ƙara, kacau-kacau, sai ya datse. Wanda ya yi shiru ya shafa shi ya wuce. Ko ɗaya bai kuskure ba. To jiya fa? Jiya ruwa ya jiƙa komai, babu karan da zai yi ƙara, ga Madam na cewa a gama, sai ya yi ta datsa da ka.

Ta tako a kan ciyawa ba motsi, ta tsaya gabansa, tsakaninsu bai fi taku uku ba. Kunya ta hana ta sallama.

Lawan ya ɗago, ya dube ta sosai, ya ce, "Malam Garba, in Aina'u ta zo don Allah kada ka faɗa mata zancen jiya. Ba ta da juriya."

Ta ja da baya a hankali, ta zagayo ta ƙofa, ta yi sallama da ƙarfi. Ya amsa da fara'a.

Hadari na haɗuwa ta wajen Challawa. Yana cin abinci ta yage gefen tsohon ɗankwalinta sili-sili, ta bi busassun karan tana ɗaura wa kowanne ƙulli daidai inda hannunsa yake kamawa. Ta ƙudura a ranta ba za ta faɗa wa kowa ba, ko Madam, ko matan gida, ko shi kansa, cewa ta gane mijinta ya daina gani.