Harin Gombo

A kan allon dara, Sodnom ya tura kurtun gaban sarauniya, kamar kullum, sannan ya ɗauki kofin shayinsa mai gishiri. Baƙaƙen 'ya'yan darar na amininsa Gombo ne, wanda ke jingine a gado da filo biyu a cikin tantinsa.

Tun da shanyewar jiki ta kayar da Gombo a lokacin sanyi, ba hannu, ba baki. Matarsa Dulma ce hannunsa a shatar, darar da mu mutanen Arhangai ba ma gajiya da ita. Takan nuna gida a kan allo, ta ɗaga kai ta duba idonsa ko zai ƙifta, sannan ta tura.

Yau akwai ɗan kallo. Ɗansu Tubshin ya zo daga birni da mota, kuma bai ɓoye abin da ya kawo shi ba.

"Inna, in dai hankalinsa ya tafi, gidan jinya zan kai shi. Ba za ki iya ke kaɗai ba."

"Zauna ka gani da idonka."

Dulma ta fito da doki. Zagaye na biyu, ta jefa kurtun gaban sarki a bakin Sodnom, kyauta.

"Ka ji tsohon banza!" Sodnom ya ƙyalƙyale da dariya. "Da yana lafiya, ko ƙashi ba ya ba kare. Ciwo ya koya masa kyauta."

Ya cinye kurtun, ya ƙara da wani. Can sai ga amalankensa, ɗaya daga manyan 'ya'yan darar, a tsakiyar ɓangaren Gombo, baƙin raƙumin Gombo kuma ya maƙale a lungun allo. Tubshin ya iya wasan, ya fara kaɗa makullin mota a yatsa. Tsoro ya kama Dulma. Ba ta da kowa a tantin nan da za ta ce wa ya taimake ta.

Ta daɗe a kan allon. Ta nuna gida, ta dubi mijinta. Yawu na zubo masa, ta goge da hannun riga. Sai ta ajiye sarauniya inda kowa zai iya ci.

"Inna, kin tabbata abin da ya ce ke nan?"

"Ni na aure shi ko kai?"

Sodnom ya ci sarauniyar. Baƙin dokin Gombo ya yi tsalle, raƙumin da aka raina ya samu hanya, farin sarkin Sodnom ya rasa wurin zuwa. Sodnom ya cire hula ya dafe kai.

Tubshin ya durƙusa ya riƙe hannun ubansa. "Baba, ka yafe ni. Ashe kana nan."

Da motar ta ɓace, Sodnom ma ya hau dokinsa, Dulma ta zauna a bakin gado tana kuka. Ta ɗaga hannu ta kaɗa a gaban fuskar Gombo, ko yau za a dace. Idon bai motsa ba, don tun ranar da ya faɗi bai sake ganin komai ba, bai kuma taɓa ƙifta mata ko sau ɗaya ba.