Cingam Tara a Ƙarƙashin Matashi

Gwaggo Dije ta sake danƙa wa Yero cingam a tafin hannu, na tara ke nan. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya fuska bango.

Kwana huɗu da yi masa aikin hanji, cikin nan shiru kake ji. Likita ya ce tauna cingam kan tashi hanjin da ya yi barci bayan wuƙa. In an kai Laraba bai fitar da iska ba, sai an sake buɗe shi. Mutumin da ya koma kamar kara, ina jikin da zai ɗauki yanka na biyu?

Matarsa Asma'u na wankan jego a unguwar Madabo, don haka Gwaggo ta ɗaura ɗamarar jinya. Wayyo, tsoro ya cika ta. Ko salla a gindin gadon take yi. Rediyon maƙwabcin gadonsu na ta ɓaɓatun soja sun koma bariki, ita ba ta su take ba, idonta na kan Yero.

Kullum nas za ta tsaya ta tambaya da ƙarfi, kamar mai talla: "Malam, ka fitar da iska?" Sai ya sunkuyar da kai ya girgiza, gumi na karyo masa.

"Daure ka tauna, ɗan nan," in ji Gwaggo. "Ga ni nan, ba inda za ni."

Ya ce, "To."

Ranar Laraba da hantsi aka turo gadon ɗakin tiyata. Ya buɗe baki zai yi wa nas magana, ya ga Gwaggo a kansa tana tofa addu'a, ya haɗiye. Aka tura shi, ƙofa ta rufe.

Tana kuka tana gyara shimfiɗa, ta ɗaga matashi. Cingam tara, ko takardar ɗaya ba a ɓare ba.

Salati ta saki, ta kwasa a guje babu takalmi, tana ihun a tsaya, a sake tambayarsa. Duk kwanakin nan ta manta Yero Bafulatani ne, kuma mijin 'yarta, wanda gara masa wuƙa da ya tauna abu, balle ya amsa waccan tambayar, a gaban surukarsa.